Inda Na Rubuta Littafin Mahaifin Hajja

Shekara huɗu na yi ina riƙe da mabuɗin maktabar ƙauyenmu, kuma a cikin shekarun nan ban karanta littafi ko ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Gara in fara da wannan, don kada wani ya ɗauka mai son karatu ne yake magana. An ba ni mabuɗin ne saboda na gama makarantar tsakiya, rubutuna na Larabci yana da kyau, kuma ƙafata ta hagu ba ta barina in yi aikin gona sosai. Abin da zan faɗa shi ne yadda na hana wata tsohuwa sauke amanar da mahaifinta ya bar mata, da layi ɗaya da na rubuta a shafin da ba nasa ba.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, kusa da garin Abu Hujar. Maktabar ɗaki ɗaya ce a jikin nadi, gidan da samari suke taruwa kallon ƙwallo da buga dumana, wasan ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo. Wani ustaz ne ya kafa ta bayan ya bar koyarwa. Ya bi gidajen tsofaffin ɗalibansa yana roƙon littattafai, ya sa kafinta ya buga kantoci, sannan ya zauna ya yi abin da ya fi alfahari da shi, wato fihiris.

Fihiris ɗin wani babban daftari ne mai koren bango. Ustaz ya yanka gefen shafukansa mataki mataki, a kan kowane mataki ya rubuta maudu'i: tafsiri, fiƙihu, addu'o'i, noma, kiwo, lafiya, tarihi, lissafi, labarai. A ƙarƙashin kowane maudu'i akwai sunan littafi da lambar kantar da yake. A can ƙarshe ya ware shafi guda ya rubuta a samansa: waɗanda ban gane ba tukuna.

Ranar da na fara aiki na tambaye shi amfanin wannan wahala, tunda littattafan ba su fi cikin ɗaki ɗaya ba.

Ya ce, "Kai, ka taɓa ganin manomi ya shigo ya ce a ba shi littafin wane?"

Na ce ban taɓa gani ba.

"Ba ya zuwa da sunan littafi. Da damuwarsa yake zuwa. Zai ce maka ganyen albasarsa yana yin fari, ko akuyarsa tana zawo. To nan za ka buɗe." Ya buga yatsa a kan matakin noma. "Daftarin nan shi ne wanda zai amsa idan ni ba na nan. Amma abin da aka gaya masa kawai ya sani. Kafin ka rubuta littafi, karanta farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa. Idan ya shafi abu biyu, rubuta shi wuri biyu. Idan ba ka gane ba, ga shafin ƙarshe, ba abin kunya ba ne."

Na ga amfaninsa da idona. Wata ungozoma ta zo tana neman abin da ya shafi kumburin ƙafar mai ciki, ustaz ya buɗe lafiya, kafin shayinta ya huce littafin yana hannunta. Wani mai lambun ayaba ya yi sati yana dawowa kan shafuka uku. Duk na gani. Ba ni da hujjar cewa ban san abin da nake yi ba.

Bayan shekara ɗaya ustaz ya sami ciwon ɓarin jiki, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa garin Rusairis. Daga nan ɗakin ya zama nawa, kuma ya fara kama da ni. Samari suka mai da shi wurin cajin waya. Ɓawon gyaɗa ya taru a bayan kantoci, ɓeraye suka biyo ɓawon, kashinsu ya cika saman littattafan lissafi. Jemagu sun sami kafa a rufin, wani zarni ya zauna a ɗakin wanda ni na daina ji, sai dai in ga baƙo ya shigo ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Ina ɗora kofin shayi a kan duk littafin da ya fi kusa. Idan aka kawo sababbin littattafai sai in dubi hoton bango: in na ga saniya in rubuta kiwo, in na ga masallaci in rubuta fiƙihu. Shafin ƙarshe kuwa ban taɓa sa masa alƙalami ba. Ina ganin idan na rubuta wani abu a can, kowa zai san ban kai ustaz ba, alhali babu wanda bai sani ba.

Tsohuwar da nake magana a kanta maƙwabciyar mahaifiyata ce. Duk ƙauye Hajja ake ce mata. Ta haura tamanin, amma da ƙafarta take zuwa ko'ina. Wata la'asar ta shigo da wani abu a naɗe cikin tsumma, daidai lokacin da ake buga wasan ƙwallo, ni kuma na ja kujerata bakin taga ina leƙen talabijin ɗin nadi.

Ta ce, "Ɗan nan, ustaz ya ce in kawo wanga tun yana nan. Ɗakina ya fara yoyo. Nan ya fi tsaro."

Na ce, "To, Hajja, ajiye nan."

Ba ta ajiye ba. Ta tsaya tana bayani, ina jin muryarta kamar daga bayan katanga. Na ji ta ambaci mahaifinta, na ji ta ambaci hanya. Ta faɗa mini ko mene ne, wannan ba ni da shakka. Ina ta cewa to, to, idona yana kan taga. Da ta ga haka sai ta ajiye ta ce, "Allah ya ba naku sa'a," ta fita.

Sai bayan kwana goma na warware tsumman. Ƙaramin littafi ne mai bangon fata, takardunsa sun yi ja, an rubuta da tawadar gargajiya. Akwai bisimilla a sama. Na gwada karantawa, na ga haruffan Larabci ne amma maganar Hausa ce, irin rubutun ajamin tsofaffi. Mu da muka tashi a makarantar gwamnati Hausa a baki muke yi, karatu kuwa da Larabci. Da na zauna na haɗa baƙi a hankali da na gane, ko in kai wa liman, gidansa bai fi taku ɗari ba. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce a raina, tsohon rubutun hannu mai bisimilla ai addu'a ce. Na buɗe matakin addu'o'i na rubuta: addu'o'i, rubutun hannu, tsoho. Na tura shi ƙasan kanta. Tsumman kuma na riƙa goge kofunan shayi da shi.

Muna da al'ada a ƙauyen. Kowace shekara kafin azumi ana bi gida gida da masallaci da makarantar allo, a tattara takardun Alƙur'ani da na addu'a da suka yage ko suka tsufa, don kada a taka su ko iska ta kai su juji. A haƙa rami mai tsabta a gefen maƙabarta a binne su. A shekarar nan liman ya aiko a ce mini in akwai irinsu a maktaba in fitar. Na ji daɗin aikin, don zai rage mini kaya. Na ma yi shi bisa tsari, wanda ban saba ba. Na buɗe fihiris a addu'o'i, na bi layi layi, duk wanda na taɓa rubuta wa tsoho na zaro shi na jefa a buhu, na ja layi a kan sunansa. Littafin mahaifin Hajja yana cikinsu. Da hannuna na ɗaure bakin buhun. Na bi su har bakin ramin, na ɗaga hannu aka yi addu'a da ni.

Azumi ya wuce, damina ta sauka, an yi ruwa sosai a shekarar. Da aka fara yankan riɗi sai masu saye suka fara zuwa da lorinsu, wannan kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasar nan ya rufe hanyoyi. A cikinsu akwai wani dattijo daga yamma mai nisa, mai irin Hausar da tsofaffinmu kaɗai suke yi, babu Larabci a cikinta. Kwana uku zai yi, ranar Alhamis lorinsu zai tashi.

Ranar Talata da hantsi Hajja ta shigo maktaba da shi. Ban taɓa ganin ta da sauri haka ba.

"Ɗan nan, tashi ka ɗauko mini littafin babana."

Ta zauna a kan benci ta yi mini bayanin da ta riga ta yi mini sau ɗaya. Mahaifinta ya taso daga yamma da yayarsa, suna nufin aikin hajji a ƙafa. A wani gari a hanya guzuri ya ƙare, yayar ta yi aure a can ta zauna, ta cire munduwarta ta azurfa ta ba shi ya sayar ya ci gaba. Bai sayar ba. Ya yi dako, ya yi noma, har ya iso bakin kogin nan. Ya rasu Hajja tana 'yar shekara tara, ya bar wasiyya a mayar da munduwar ga yayarsa ko ga jininta. Sunan yayar ta sani, amma suna ne da babu gidan da ba shi. Sunan garin da sunan mijin kuwa suna cikin littafin, inda ya rubuta zangon da suka yi ɗaya bayan ɗaya. Ita ba ta karatu. Yayyenta da suke karanta mata duk sun rasu, sunayen kuma sun zube daga kanta.

"Shi kuma wanga bawan Allah," ta nuna baƙon, "a wurin awo ya ce kakarsa tana da ƙane da ya yi gabas bai dawo ba. Ya faɗi garinsu, ya faɗi sunan kakansa namiji. In sun yi daidai da na littafin, yau zan sauke abin da na ɗauka shekara saba'in."

Tun kafin ta gama na san inda littafin yake. Amma na tashi na ɗauko fihiris, na buɗe tarihi, na bi da yatsa kamar mai nema da gaske.

Na ce, "Ba ya nan, Hajja. Kin san tsarin ustaz yana da rikici. Wataƙila ya tafi da shi Rusairis."

"Mi ka ce? Ustaz ya tafi kafin in kawo shi. Kai na ba. Kana kallon masu gudu da gajeren wando."

Baƙon ya yi murmushi kaɗan. Ya ce, "Malam, ba ni daftarin in gani, in babu damuwa."

Na miƙa masa. Ya share kashin ɓera daga kan benci da gefen hannu kafin ya zauna. Ya duba tarihi, ya duba labarai, ya duba shafin ƙarshe inda babu kome sai rubutun ustaz. Ya ce, "Wanda ya tsara wannan ya san aiki." Sannan ya koma farko yana bi mataki mataki, har ya tsaya a addu'o'i.

"Waɗannan da aka ja wa layi fa?"

Na ce, "Gara ce ta cinye su."

"Har da wannan rubutun hannun?"

"Har da shi. Amma wannan addu'a ce, ba na Hajja ba ne."

Ya dube ni, ya rufe daftarin, ya miƙo mini da hannu biyu. Hajja ta ce in sake dubawa a bayan kantoci, za ta dawo gobe. Da suka fita na ji tana ce masa, "Yaron kirki ne, sai dai shiririta. Zai gano shi." Ina da shekara talatin da takwas a lokacin, da 'ya'ya huɗu.

A yini ɗaya na ɗora laifina a kan mutum mai ciwon da ba ya iya magana sosai, na kuma ɗora shi a kan gara. Ba tsoron Allah ne ya fara kama ni ba, in faɗi gaskiya. Tsoron kada baƙon ya tambayi liman ne. Na zauna a ɗakin, a karo na farko cikin shekaru na ji zarnin jemagun ya cika mini hanci. Na dubi zoben shayi a kan bangon littattafai, na dubi tsumman nan a rataye a ƙusa ya yi baƙi da maiƙo. Na fita bayan nadi na tofar da yawu, bai rage kome ba.

Laraba da safe na same ta a ƙarƙashin rumfarta tana soya ƙwayar gahawa a kasko. Na tsuguna daga nesa na faɗa mata duka, tun daga taga har zuwa buhu. Ba ta daina juya gahawar ba sai da ta yi.

Ta ce, "Ka binne shi."

"Na binne shi, Hajja."

"Da addu'a da kome."

"E."

"To ai ya fi babana samun jama'a. Shi mutum shida suka kai shi." Ta sauke kaskon. "Tashi mu je wurin liman."

Liman bai so ba. Ya ce ramin nan akwai ayoyi a ciki, ba a tona shi don wasa. Hajja ta ce masa, "Malam, na ga ranar sunanka. Amana ce a ciki, ba wasa ba." Sai ya ce a yi alwala kafin a taɓa kome, kuma wanda ya jefa shi ne zai tona.

Ni na tona, da ƙafata mara kyau, liman da Hajja da baƙon suna tsaye. Ƙasarmu baƙar laka ce, idan ta sha ruwa tana riƙe shi wata da watanni. Tun ban kai ga buhunan ba wani wari ya taso, irin na dusar da ta kwana a ruwa. Buhun farko ya yage a hannuna. Abin da ke ciki ba takarda ba ne kuma, wani dunƙule ne mai toka toka, mai yauƙi, tsutsotsi na shiga suna fita. Na sa hannu ina lalube har gwiwar hannu. A buhu na uku na ji fata.

Bangon ya kumbura amma yana nan. Na miƙa wa baƙon, don shi ne mai karanta ajami a cikinmu ban da liman. Ya zauna a ƙasa ya shimfiɗa rawaninsa, ya sa bakin wuƙa yana neman raba takardun. Sun manne sun zama abu ɗaya kamar ƙullun da ya kwana. Tawadar gargajiya ba ta jure ruwa, ta narke ta rina kome ja. Ya yi wajen awa ɗaya. A tsakiya ya sami wani wuri kamar faɗin tafin hannu da ruwa bai gama da shi ba, shi da liman suka haɗa kai a kansa.

Hajja ta ce, "Mi ya ce?"

Baƙon ya ce, "Inna, maganar wata rijiya ce mai ruwan ɗaci, da jakin da ya mutu musu."

"Babu gari?"

"Babu gari."

Ta ce a sake dubawa. Suka sake. Liman ya ce in mayar da sauran in rufe ramin, na mayar. Warin bai bar hannuna ba har kwana biyu, duk da sabulu da toka.

Da la'asar ta tara mu a gidanta, ni ban san dalilin da ya sa ta ce in zo ba. Ta fito da munduwar daga cikin wata tsohuwar kwalla, ta yi baƙi, ba ta da wani ado sai 'yan zane a bakinta. Ta riƙa yi wa baƙon tambayoyi. Kakarsa doguwa ce? Ya ce shi bai riske ta ba sai tana kwance. Wace irin tsaga ce a fuskarta? Ya kwatanta, ta yi daidai da ta mahaifinta, amma ta yi daidai da ta rabin tsofaffin ƙauyen nan. Ta taɓa maganar munduwa? Ya yi tunani mai tsawo, na ga yana so ya ce e. Ya ce, "Ban ji ba, Inna. Ba zan ce na ji ba."

Ta tura masa ita duk da haka. "Ɗauki. Zuciyata ta ba ni kai ne."

Ya mayar mata a hankali. "In ba ni ba ne fa? Kin ba wanda ba shi ba, ni kuma na ci abin wasu. Mahaifinki ya yi dako bai sayar da ita ba, ba zan ɗauka a kan zato ba."

Alhamis lorin ya tashi. Ta ba shi soyayyiyar gyaɗa da busasshiyar kuɓewa a ƙulli. Ta riƙe hannunsa a bakin hanya ta daɗe, na ga bakinta yana neman abin da za ta kira shi. A ƙarshe ta ce, "Sauka lafiya, malam."

Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Na yi sati biyu ina share ɗakin, na toshe kafar jemagu, na kori masu caji, amma na san wannan duk don in ji dama ne a raina, ba abin da zai mayar mata.

Bayan an gama sussukar dawa ta sake shigowa. Ta tsaya a ƙofa ta shaƙi iskar ɗakin. Ta zauna.

"Buɗe daftarinka. Inda ya kamata ka sa shi tun farko."

Na buɗe tarihi.

"Rubuta: littafin hanyar mahaifin Hajja."

Na rubuta. Na ce, "Nan gefe ana sa lambar kanta, Hajja. Ba shi da kanta."

"Sa gefen maƙabarta. Can yake." Ta jira na gama. "Yanzu rubuta garin da mutumin nan ya faɗa, da sunan kakansa. Na riƙe su yau, ban san gobe ba. In wani ya sake zuwa daga yamma, ko ina nan ko ba na nan, a tambaye shi ko ya san su."

Ta faɗa, na rubuta. Ta ce in karanta mata. Na karanta, ta ce sunan garin ba haka baƙon ya faɗe shi ba, na gyara, na sake karantawa. Ta sa na maimaita sau uku, tana kallon bakina, ba ta kallon takardar. Sannan ta dafa benci ta miƙe. Na tashi zan raka ta, ta ce in zauna, akwai mutum a bakin ƙofa yana jira da tambaya a kan tumakinsa.